Inda hukuma ta sa ido ko inda babu mai hana ka: ina mai ɗan jari a Damagaram zai sa kuɗinsa?

Wanda ya tara miliyan 1 ko 2 a Damagaram yau, malamin makaranta ne shi, ko ɗan kasuwar Dole, ko matar da ta kwashi babban adashi, murya biyu yake ji. Ta farko tana cewa ya kai kuɗinsa inda hukuma ta sa ido, ko da ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ta biyu, wadda ta fi tashi a fadar samari wajen shayi da cikin rukunonin WhatsApp, cewa take kuɗinka naka ne, babu wanda ya taya ka nema, don haka babu wanda zai faɗa maka inda za ka sa su. Ga forex, wato cinikin canjin kuɗaɗen waje ta intanet, ga kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, duk cikin wayar da ke aljihunka. Kowace murya da gaskiyarta. Sai dai ba a raba wannan gardama da baki, sai an ɗora kowace hanya a kan ma'auni ɗaya.

Ma'aunin

Tambayar farko, kuma ita ce uwa: idan abu ya lalace, wa za ka kama? Doka ba ta yi wa kowa alkawarin riba ba. Abin da take bayarwa shi ne kamfani mai suna da adireshi, da takardar izini da za a iya ƙwacewa, da ofishin da za a kai ƙara. A ƙasashe 8 na UEMOA masu amfani da sefa ɗaya, babban bankin yankin BCEAO da Hukumar Bankuna ke kula da bankuna, AMF-UMOA mai mazauni a Abijan ke kula da kasuwar hannun jari da duk wanda ke neman jama'a su zuba masa kuɗi, a nan Nijar kuma ARSM ke sa ido kan cibiyoyin ƙananan rance. Duk wanda ba ya ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu, tsakaninka da shi sai Allah ya isa.

Na biyu, tsada: nawa ake shiga da shi, nawa ake yanka a matsayin la'ada, har da wadda ba a rubuta da manyan baƙaƙe ba. Na uku, ƙarko: abin zai kai shekara 5 yana nan? Na huɗu, sauƙi, kuma a nan mutane kan duba ƙofar shiga su manta da ta fita. Ranar da rashin lafiya ta faɗo cikin gida da dare, saurin fitar da kuɗi ne abin tambaya.

Na biyar, iyakar asara, tare da wata tambaya da ba a cika yi ba: idan ka faɗi, aljihun wa kuɗinka ke shiga? Akwai harkar da wanda ke ba ka shawara yake ƙaruwa da ƙaruwarka, akwai wadda asararka ce abincinsa.

Na shida, halacci. A garin nan babu wanda zai tsallake wannan, kuma zan faɗi inda matsalar take a kowace hanya, fatawa kuwa ta malamai ce.

Kiwo da ajiyar hatsi, don a san daga inda aka tashi

Turka rago don babbar salla, ko sayen gero da wake da kaka a ajiye zuwa lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, jari ne da babu hukumar kasuwar kuɗi da ke kula da shi, kuma babu wanda ya taɓa cewa a hana. Dalili shi ne mai yi ya san abin da ya saya. Yana taɓa ƙirjin ragon, yana zura hannu cikin buhu, ya san farashin tiya a Mirya da Bakin Birji. Haɗarin ma sananne ne: ciwon dabba, ɓarawo, ƙwari, faɗuwar farashi. Har da na gwamnati, domin a watan Oktoba na 2024 an hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso, a Mayun 2025 kuma aka hana fitar da dabbobi gab da salla. Wanda ya yi lissafi da kasuwar Kano ya ji a jikinsa. Ke nan rashin doka kaɗai ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne rashin doka a kan abin da mai saye bai fahimta ba.

Ajiyar banki da cibiyoyin ƙananan rance

Nan ne doka ta fi kauri, riba ta fi siranta. Asusun ajiya a bankunan yankin yana ba da kashi 3 da rabi cikin 100 a shekara, wato miliyan 1 ta haifi jika 35. Shekarar da farashin abinci ya tashi, wannan bai isa ya rufe ramin ba. Ajiyar da aka ƙulle na wata 6 ko shekara takan fi haka kaɗan, ana kuma iya yin ciniki a kanta idan kuɗin da kauri.

Abin da ake saye a nan kwanciyar hankali ne, ita ma da iyakarta. Asusun lamunin ajiya na UMOA yana biyan mai ajiya har sefa 1,400,000 idan banki ya durƙushe, da sefa 300,000 a manyan cibiyoyin ƙananan rance da ke cikin tsarin. Abin da ya haura haka sai an jira rabon abin da ya saura. Kuma ba mu manta da ƙarshen 2023 ba, lokacin takunkumi, da mutum zai kwana da kuɗi a asusunsa amma a ce ga iya abin da zai cira yau. Kuɗin bai ɓata ba, amma ƙofar fita ta ƙuntata na watanni.

Ta fuskar addini matsalar a fili take: ƙarin da aka yanke tun farko a kan ajiya shi ne abin da malamai ke kira riba haramtacciya. Wanda ba ya so yana da asusun da ba ya haihuwa, ko bankin Musulunci, ko sashen Musulunci da wasu bankuna suka buɗe.

Takardun bashin gwamnati

Mutane da yawa ba su san cewa ɗaiɗaikun mutane na iya ranta wa baitulmali kuɗi ba. Hukumar UMOA-Titres ke shirya gwanjon, ana shiga ta hannun banki ko dillalin kasuwar hannun jari. Iri biyu ne. Na gajeren zango, daga ƴan watanni zuwa shekara 2, kowace takarda miliyan 1 ce. Na dogon zango, shekara 3, 5, 7 ko fiye, kowace takarda jika 10 ce, wadda mai ƙaramin ƙarfi ma zai iya. Ribar da ake rubutawa a jikin na dogon zango takan kewaya kashi 6 cikin 100, idan kuma aka sayar da takardar ƙasa da farashinta, abin da mai saye zai samu ya fi haka.

Ana cewa gwamnati ba ta kasa biyan bashi, amma mun ga iyakar wannan magana da idonmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO da UEMOA ya rufe asusun ƙasa a BCEAO, Nijar ta kasa biyan masu riƙe da takardunta a kan lokaci har sai bayan da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Mali ta shiga irin wannan a 2022. A duka biyun an dawo an ci gaba da biya, kuma nan ne bambancin yake da abin da za mu gani can gaba: an yi jinkiri, amma mai bashin yana nan, bai kashe waya ba.

Fita kafin wa'adi tana yiwuwa, sai dai ba kullum ake samun mai saye nan take ba, kuma za a iya taya maka ƙasa da yadda ka saya. Matsalar riba tana nan kamar ta banki. Akwai sukuk, takardun da aka gina bisa tsarin Musulunci, irin wanda Senegal ta fitar a 2014 na biliyan 100, daga baya Kodebuwa da Togo da Mali suka bi, amma ba kullum ake samunsu a kasuwa ba.

Hannun jari a BRVM

Kasuwar hannun jari ta yankin, wato BRVM, tana Abijan, ta fara aiki a Satumban 1998, tana da ofishi a Yamai. Kamfanonin da ke cikinta sun haura 40: Sonatel, Orange ta Kodebuwa, Onatel ta Burkina Faso, kamfanonin manja da roba da sukari, bankuna da yawa, cikinsu har da BOA Nijar. Ba a saye kai tsaye, sai ta hannun dillali mai izini da ake kira SGI, akwai kuma SGI Niger a Yamai. Akwai hannun jarin da bai kai jika ɗaya ba, akwai wanda ya haura jika 10. La'ada, idan aka haɗa ta dillali da ta kasuwa, takan wuce kashi 1 cikin 100 a saye, haka a sayarwa, ga ɗan kuɗin ajiyar takardu, ga haraji a kan rabon riba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba wurin saye da safe a sayar da yamma ba ne.

Tsaron da doka ta yi a nan ana ganinsa. Kamfani dole ya buga lissafinsa. Farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 7 da rabi a rana ɗaya. Hannun jarinka yana rubuce a ma'ajiyar tsakiya, ba cikin aljihun dillali yake ba. Kuma da sefa ake komai, babu ruwanka da canji.

Amma doka ba ta hana asara a nan ba, babu mai mayar maka. Ma'aunin farashin kasuwar ya yi ta faɗuwa shekara 5 a jere, daga 2016 zuwa 2020, kafin ya tashi da kusan kashi 39 a 2021. Wanda ya saya a 2015 ya matsu a 2019 ya sayar, ya tafka asara, babu wanda ya cuce shi. Wasu ƙananan kamfanoni kuma sai a yi kwanaki ba a samu mai sayen hannun jarinsu da yawa ba.

Wanda ba ya son zaɓe da kansa yana iya shiga asusun haɗaka, FCP, inda ƙwararru ke juya kuɗin mutane da yawa suna ɗaukar ladarsu duk shekara. Shi kuwa mai kiyaye addini gara ya zaɓa da kansa, domin a jerin akwai bankunan riba, akwai kamfanin giya, da na taba, har da na caca. Kamfanin waya ko na noma ya fi sauƙin sha'ani, shi ma a tambaya.

Babban aibin wannan hanya a wurinmu nisa ne. Yamai kusan kilomita 900 take, takardun da Faransanci suke, kuma ban taɓa jin an zo kasuwar Dole ana bayaninsu da Hausa ba. Wasu dillalan sun fara buɗe asusu ta waya, hakan ya rage wahala, amma har yanzu mai tallar forex ya riga su isa Zango da Garin Malam.

Forex da danginsa

Nan gardamar ƴanci ta fi zafi, don haka a tsaya a fahimci abin da ake saye. Wanda ya buɗe manhajar forex bai sayi yuro ko zinariya ba. Yarjejeniya ya ƙulla da dillali a kan bambancin farashi: in ya hau ka ci, in ya sauka a cire daga naka. Abin da ke jan mutane shi ne ninkin da dillali ke ara maka. Kamar ka ba da kafin alƙalami na jika 50 a kan shanun miliyan 25 ne, da sharaɗin duk abin da ya ragu a farashinsu daga kafin alƙalaminka za a cire, da ya ƙare kuma ciniki ya mutu. Wannan shi ne ninki 500 da wasu dillalan waje ke bayarwa. Farashi ya motsa da kashi 0.2 cikin 100 kawai ta inda ba ka so, jika 50 ta tafi. Yuro da dalar Amurka kan yi motsin da ya fi haka cikin yini ɗaya ba tare da wani labari ya faru ba. Rezo ya ɗauke na minti 10, ko wuta ta tafi waya ta mutu, ya isa.

Alƙaluman da aka tattara ba su da daɗi. Hukumar kasuwar kuɗi ta Faransa ta bi asusun mutane kusan 15,000 na tsawon shekara 4, ta buga sakamako a 2014: kashi 89 cikin 100 sun yi asara, kowane ɗaya kimanin yuro 10,900 idan aka raba, wato sama da sefa miliyan 7. A 2018 hukumar Tarayyar Turai, ESMA, ta ce tsakanin kashi 74 zuwa 89 na ƙananan masu wannan harka asara suke yi. Sai ta rage ninkin zuwa 30 a manyan kuɗaɗe, 2 a kirifto, ta hana a bi mutum bashin da ya wuce abin da ya zuba, ta tilasta wa dillali ya rubuta kason masu asara a tallarsa. Cacar "zai hau ko zai sauka cikin minti ɗaya" kuwa ta hana sayar da ita ga talakawa gaba ɗaya. Lissafinta ma ya isa hujja: in ka ci a ba ka kashi 80, in ka faɗi a ɗauke 100, sai ka dace sau 56 cikin 100 kafin ka tashi ba ci ba asara.

Masu kare ƴanci suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa doka ta bar mutum ya sayi babur ya yi kabu-kabu, ta bar shi ya zuba dukiyarsa a shagon da zai iya rushewa, me ya sa sai a nan za a ce ba shi da wayo? Suna nuna Amurka, inda wasu harkokin jari sai mai dukiyar dala miliyan 1 ban da gidansa, ko mai samun dala 200,000 a shekara, ake bari ya shiga, su ce wannan ai katange talaka ne daga inda riba take. Suna kuma cewa da Turai ta matsa, mutane ba su daina ba, sun koma wajen dillalan da ke rajista a tsibiran da babu mai tambayarsu. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, kuma irin waɗannan dillalan ne ke karɓar ɗan Damagaram.

Ni dai ga inda na tsaya. Baligi yana da ikon ya yi kasada da kuɗinsa, ban ga dalilin ɗaure shi ba. Amma mai shago yana fafatawa da kasuwa ne, shi kuwa mai forex sau da yawa da dillalinsa yake fafatawa, domin da yawansu su ne ke riƙe ɗaya ɓangaren cinikin, asararka ribarsu ce. Shi ke nuna maka farashi, shi ke riƙe da kuɗin, shi ke yanke ranar da zai sakar maka. Wanda ya kawo ka ma, mai sayar da "sigina", wato shawarar lokacin saye da sayarwa, a rukuni, yawanci ana biyansa ne bisa yawan cinikin da ka yi, ko ka ci ko ka faɗi. A irin wannan zama, dokar da ta ce a faɗa maka mutum nawa ke faɗuwa ba ta rage maka ƴanci ba. Ko a inda doka take ma abin yakan fi ƙarfin kowa: ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya saki kuɗinsa ba zato, cikin mintoci asusun dubban mutane ya koma bashi, dillalin Alpari na Ingila ya rushe.

Ƙari a kan haka, waɗannan dillalan waje ba su da izinin AMF-UMOA, kuma dokar canjin kuɗi ta yankin tana neman izini kafin mazauni ya fitar da jari waje. In an riƙe maka kuɗi, babu ofishi a Yamai ko Abijan da zai iya ƙwato maka. Malamai kuwa sun fi tsananta magana a nan: ga rance mai sharaɗi, ga kuɗin da ake yanka in ciniki ya kwana, ga sayar da abin da ba a mallaka ba, ga kama da caca.

Kirifto

A raba shi biyu. Sayen Bitcoin ko USDT (kirifton da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka) a riƙe daban, yin cacar ninki da su daban, wannan na biyun forex ne da wata riga. Ingila ma ta hana sayar wa talakawa irinsa tun Janairun 2021.

Na farkon yana da amfanin da ba a musu. Ɗan kasuwar da ke sayo kaya a Kano ya ga yadda naira ta zube bayan Yunin 2023, daga wajen 460 a dala zuwa sama da 1,500 cikin ƴan watanni, ya san dalilin da abokan cinikinsa suka rungumi USDT. Mu da ke riƙe da sefa wannan buƙata ba ta kai tasu ba, tun da yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, ko da yake dattawa ba su manta da Janairun 1994 ba, da aka raba darajar sefa biyu a dare ɗaya.

Shiga da arha, jika 5 ma ta isa. La'adar tana ɓoye cikin farashin da mai sayarwa hannu da hannu zai yanka maka, saye da sayarwa. Farashi kuwa doki ne marar linzami: Bitcoin ya kusa dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara ɗaya ya dawo wajen 16,000, a Disamban 2024 ya haura 100,000. A 2022 kuɗin Terra da aka ce ba ya motsi ya zama toka, kasuwar FTX ta rufe da kuɗin mutane. In ka riƙe a lalitarka, ka ɓatar da kalmomin sirri, shi ke nan. In ka bari a kasuwa, amanar wani ce. BCEAO ba ta ɗauke shi kuɗi ba, babu lamunin ajiya a kansa. Najeriya ta hana bankuna taɓa shi a Fabrairun 2021, ta janye a Disamban 2023, ta shigar da shi cikin dokar jari a 2025, kowane juyi kuma ya taɓa masu riƙe da shi. Malamai sun saɓa a kansa.

"Kawo a juya maka"

Wannan ba zaɓi ba ne, na sa shi ne don yana shigowa da rigar forex ko kirifto ko noma. Alamarsa riba tabbatacciya duk wata, da lada in ka kawo wani. MMM ta yi alkawarin kashi 30 a wata a Najeriya, ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. ICC Services ta kwashe ajiyar dubban mutane a Benin kafin ta fashe a 2010. CBEX ta bi sahu a Afrilun 2025. Ɗauki alƙalami: jika 100 da ke ƙaruwa da kashi 30 duk wata za ta haura miliyan 2 a shekara ɗaya, ta haura biliyan 1 a shekara 3. Mai irin wannan sirri ba ya buƙatar jikarka. Waɗanda suka fara shiga ana biyansu da gaske, da kuɗin na baya, shi ya sa wanda zai kawo maka maganar yakan zama ɗan uwa ko aminin da ya ga kuɗi a hannunsa, yana rantsuwa da zuciya ɗaya. Takardar rajistar kasuwanci da za a nuna maka ba izinin karɓar ajiyar jama'a ba ce.

| Hanya | Kuɗin shiga | Mai sa ido | Fita | Mafi munin abin da zai faru |
|---|---|---|---|---|
| Kiwo, hatsi | Daidai ƙarfinka | Kai da kanka | Ranar kasuwa | Mutuwa, sata, faɗuwar farashi |
| Ajiyar banki | Kaɗan | BCEAO, Hukumar Bankuna | Nan take, in ba rikici | Tsadar kaya ta cinye ribar |
| Bashin gwamnati | Daga jika 10 | BCEAO, AMF-UMOA | Wa'adi, ko a nemi mai saye | Jinkirin biya |
| BRVM | Ƴan jikuna da la'ada | AMF-UMOA | Ƴan kwanaki | Faɗuwa ta shekaru |
| Forex | Kaɗan ƙwarai | Babu a yankinmu | Sai dillali ya ga dama | Duka, cikin yini |
| Kirifto a riƙe | Daga jika 5 | Babu a yankinmu | Da sauri, in akwai mai saye | Mafi yawa ko duka |

Wa ya dace da me

Kuɗin da za a buƙata cikin shekara, na makarantar yara, na aure, na asibiti, na kujerar Makka, wurinsu banki ne ko adashin da aka san uwarsa. In sun haura miliyan 1 da jika 400, raba su banki biyu ya fi, saboda iyakar lamuni a kan kowane banki take.

Ma'aikacin da ritaya ta rage masa shekara 10 ko fiye, kuma ba ya da lokacin zuwa kasuwar dabbobi, BRVM ta fi dacewa da shi: kamfani 4 ko 5 masu tarihin rabon riba, a saya kaɗan-kaɗan duk wata, kada a leƙa farashi kullum. Kafin ya tura ko dala ɗaya, ya nemi sunan dillalin a jerin masu izini da AMF-UMOA ke bugawa. Wanda ya riga ya yi ritaya, yana son abin da zai shigo a sanannen lokaci, takardun dogon zango sun fi, in ya yarda da su a addinance, kuma kada ya tara duka a ƙasa ɗaya tun da takardun sauran ƙasashen yankin ma ana samu.

Hajiyar da ta iya turka, da alhajin da ya san hatsi, kada su bar abin da suka ƙware a kai don wani allo mai jan layi da kore. In riba ta taru, a ɗebi wani kaso a kai inda akwai takarda.

Ɗan kasuwar da ke hulɗa da Kano ko Dubai, wanda USDT ke sauƙaƙa masa biya, ya ɗauke shi hanyar wucewa: ya shiga, ya biya, ya fita, ya kuma san matsayinsa a dokar canji.

Saura ɗalibin Jami'ar André Salifou ko matashin da ya rantse sai ya gwada forex. Babu mai hana ka, ƙanena. Fara da asusun gwaji na wata 3 aƙalla, kana rubuta kowane ciniki a littafi. In ka wuce nan, sa abin da in ya ƙone ba za ka fasa cin tuwon dare ba, kada ya zama rance, kada ya zama kuɗin Inna ko jarin shago. Riƙe ninkin a 30 ko ƙasa ko da an ba ka 500. A makon farko gwada cire rabin kuɗin ka ga ko za su iso hannunka. In aka ce sai ka ƙara zuba wani abu kafin a sakar maka, kada ka ƙara.